Idon Kurtu: Ƙa'ida, Rangwame da Alfarma a Sojan Amurka

A watan Satumba na 1915 wani ƙaramin hafsan Birtaniya mai suna John Kipling ya ɓace a fagen yaƙin Loos da ke arewacin Faransa, mako shida kacal bayan ya cika shekara 18. Da an bi ta likitoci, da bai taka wurin ba. Sojan ruwa sun gwada idonsa sun ƙi shi, sojan ƙasa ma suka ƙi shi, domin ba ya ganin abin da ke nesa sai da tabarau mai kauri. Mahaifinsa, marubucin nan Rudyard Kipling, ya je ya kama ƙafa wurin abokinsa Lord Roberts, tsohon babban kwamandan sojan ƙasar, aka sama wa yaron gurbi a rundunar Irish Guards. A 1905 kuma, can jihar Missouri ta Amurka, wani saurayi da raunin ido ya hana shi shiga makarantar hafsoshi ta West Point ya ɓullo ta wata hanya. Ya haddace allon haruffan gwaji, ya kawo shi da ka kamar mai tilawa, aka ɗauke shi a rundunar tsaron jiha. Sunansa Harry Truman. Ya jagoranci rukunin igwa a Faransa a 1918, ya dawo lafiya, ya zama shugaban ƙasa a 1945.

Masu son a tsaurara ma'aunin idon kurtu sukan kafa hujja da na farko, masu son a sassauta su kafa da na biyu, alhali babu wanda ya tabbatar da komai a cikinsu. Dubban masu lafiyayyen ido sun kwanta dama a Loos, kuma dawowar Truman lafiya ba ta wanke ha'incinsa ba. Inda labaran biyu suka haɗu shi ne, a duka biyun ba a samu likitan da ya zauna ya duba wannan idon, ya auna shi da wannan aikin, ya yanke hukunci ya sa hannu ba. Ɗaya ya shiga ta ƙofar alfarma, ɗaya ya haura katanga. Tsarin rangwamen lafiya da sojan Amurka ke aiki da shi a yau ƙofa ce ta uku, kuma abin da nake karewa a nan shi ne cewa wannan rangwame rabin ƙa'idar ne, wanda in babu shi ɗaya rabin ba zai yi adalci ba, ba zai kuma cika bariki ba.

Duk wanda ke son shiga soja a Amurka, ko na ƙasa, ko na ruwa, ko na sama, ko na kundumbala, sai ya bi ta ɗaya daga cikin cibiyoyin tantance kurata guda 65 da ake kira MEPS a taƙaice. Ma'aunin da likitocin cibiyoyin ke bi kundi ɗaya ne na ma'aikatar tsaro, mai lamba 6130.03. Abin da ya ce game da ido ya fi yadda mutane ke zato sauƙi: sa tabarau ba ya hana kowa zama soja. Abin da ake nema shi ne, da tabarau a fuska, kowane ido ya kai 20/40 a ganin nesa, sannan ido mafi kyau ya kai 20/40 a ganin kusa. Lissafin ya samo asali daga allon da likitan ido ɗan Holan, Herman Snellen, ya fito da shi a 1862. Mai 20/40 sai ya matso ƙafa 20 kafin ya karanta abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga ƙafa 40. Wanda ya taɓa gwada ido a Kano ko Kaduna zai fi sanin wannan da 6/12, domin asibitocinmu da mita suke awo. Wannan iyaka ma ba daga sama ta sauko ba. Kafin gyaran 2018, mutum na iya wucewa in ido ɗaya ya kai 20/20 ko da ɗayan bai wuce 20/400 ba. Da aka sauya, mai raggon ido ɗaya tun yarinta, wanda jiya ya cancanta kai tsaye, ya wayi gari yana neman rangwame, alhali idonsa na nan yadda yake.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ya fi ɗaure wa masu nema kai. Ko da tabarau ya mai da ganin mutum tangaran, in ƙarfin gilashinsa ya haura dayofta 8, na rashin ganin nesa ne ko na kusa, ko kuma karkacewar gaban ido ta haura dayofta 3, to ya faɗi. Saurayi zai ce, ina karanta layin ƙarshe na allon, me ya rage? Abin da ya rage yana bayan ido, inda allo ba ya kaiwa. Ido mai tsananin rashin ganin nesa yawanci ya fi sauran tsawo daga gaba zuwa baya, sai shimfiɗar nan ta bayan ido da ke karɓar haske, wadda likitoci ke kira ratina, ta miƙe ta yi siriri kamar fatar da aka ja wa ganga. Irin wannan ta fi saurin yagewa ko ɓallewa, kuma in ta ɓalle ana bukatar likitan fiɗa cikin gaggawa, abin da ba a samu a tsakiyar teku ko a sansanin da ke bayan duwatsu. Akwai kuma tambaya mai sauƙi: in tabaran ya faɗi cikin dare ana ruwan wuta, me mutumin zai iya gani? Mai dayofta 2 zai lallaɓa ya kai kansa. Mai dayofta 10 ba zai bambance fuskar abokinsa da ta abokin gaba ba daga taku kaɗan.

Daga nan za a fahimci cewa kundin ya raba ido gida biyu. Akwai idon da awonsa ne kawai ya kauce, gilashi ya gyara shi an gama. Akwai kuma idon da ke ɗauke da ciwon da ke tafiya: hawan jinin ido, ciwon da ke sa gaban ido ya yi siriri ya tsiro kamar kan dalar gyaɗa, tsohon raunin ratina, dundumi, ganin abu bibbiyu, harara-garke mai tsanani. Na biyun shi ne abin tsoron soja, domin kurtun da aka kashe kuɗi aka horar zai iya zama majinyaci kafin wa'adinsa ya cika, kuma gwamnati ce za ta ɗauki nauyinsa watakila har ƙarshen rayuwarsa. Haka nan kundin ya ƙi idon da ba ya gyaruwa sai da gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san hunturu da ƙurarsa: hannun da ya wuni cikin laka da man bindiga ba ya taɓa ido, kuma hayaƙi mai sa hawaye na maƙalewa a ƙarƙashin gilashin. Shi ya sa ake hana shi a lokacin horon farko, a raba wa kurata tabarau na gwamnati, har da wanda ake sawa cikin takunkumin kare iskar guba. Tsohon samfurin tabaran, mai kauri ruwan ƙasa, ya yi munin da sojoji suka laƙaba masa tabaran tsarin iyali, wai ba budurwar da za ta kalli mai shi sau biyu. An sauya shi a 2012.

To yaya rangwamen yake aiki? Likitan cibiyar tantancewa ba shi da ikon yafe wa kowa. Aikinsa ya auna, ya rubuta cewa wannan ya cika sharaɗi ko bai cika ba. In bai cika ba, rundunar da yake nema ce za ta yanke ko tana son a sake duba lamarinsa, kuma kowace runduna da nata ofishin likitocin da ke wannan aiki. Za su nemi takardun asibiti, sau da yawa su tura shi wurin ƙwararren likitan ido ya ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido ya leƙa ratinar, ko ya ɗauki taswirar gaban idon. Daga nan su amince, ko su ƙi, ko su amince amma su rufe masa wasu ayyuka. Shi ya sa sojan sama kan ƙi mutum, sojan ƙasa su karɓe shi da wannan idon da wannan takardar. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Matafiyi da ya yi ƙasaru bai karya dokar salla ba, ya bi wani sashe ne na dokar da aka tanada domin irin halinsa, mai sharuɗɗansa da iyakarsa. Bambancin rangwame da alfarma ke nan. Rangwame yana kallon halin da mutum ke ciki, alfarma tana kallon ɗan wane ne.

Abin da ya sa ba za a iya rufe wannan ƙofa ba lissafi ne tsagwaronsa. Binciken da ma'aikatar tsaron Amurka ta yi a 2020 ya nuna kashi 23 cikin ɗari ne kawai na matasa masu shekara 17 zuwa 24 za su iya shiga soja ba tare da wani rangwame ba, idan aka haɗa ƙiba da ciwo da shaye-shaye da sauran dalilai. A fannin ido kuwa, ruwan ƙara hawa yake. Rashin ganin nesa tsakanin Amurkawa masu shekara 12 zuwa 54 ya tashi daga kashi 25 a farkon shekarun 1970 zuwa sama da kashi 41 a tsakanin 1999 da 2004. Gabashin Asiya ta riga ta nuna inda hanyar ta nufa, domin gwajin da aka yi wa samari 'yan shekara 19 da aka kira aikin soja a birnin Seoul a 2010 ya samu sama da kashi 96 ba sa ganin nesa sai da gilashi. Yaran da suka tashi cikin ɗaki, ido a kan littafi da waya, ba su sha hasken rana ba, su ne kuratan gobe. Rundunar da ta ce sai mai idon shaho za ta zauna da bindigogi ba masu riƙewa.

Suka ta farko da ake wa tsarin tana da nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Masu ita na cewa rangwame suna ne mai daɗi da aka sa wa rage inganci, kuma ƙofar tana faɗaɗa ne daidai lokacin da aka rasa mutane. Suna da tarihi a hannu. A 1966, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, sakataren tsaro Robert McNamara ya ƙaddamar da shirin ɗaukar mutum 100,000 a shekara daga cikin waɗanda a da ake ƙi. Sama da 300,000 suka shiga ta wannan hanya, kuma sun fi sauran mutuwa a fagen daga. Ga kuma 2022, shekarar da sojan ƙasa suka nemi kurata 60,000 suka samu kusan 45,000, aka shiga lalube ta ko'ina. Zargin cewa yunwar mutane na tura hannun mai sa hannu gaskiya ne, kuma duk wanda ya musa bai san yadda hukuma ke aiki ba. Sai dai shirin McNamara saukar da ma'aunin aka yi gaba ɗaya, akasari ma na jarrabawar basira, aka kwaso jama'a a dunƙule. Rangwamen ido kuwa ƙarin bincike ne a kan mutum ɗaya. Saurayin da aka karɓa da dayofta 9 an leƙa bayan idonsa da kyau fiye da abokinsa mai dayofta 7 da ya wuce salin-alin. Kuma tun 1996 akwai sashe a cibiyar binciken soja ta Walter Reed da aikinsa ke nan, ya bi sawun waɗanda aka ɗauka, ya ga wa ya kammala wa aka sallama, domin a san wane sharaɗi ne ke hasashen matsala da gaske. Nazarin da cibiyar bincike ta RAND ta fitar a 2021 kan rangwamen sojan ƙasa ya samu cewa waɗanda aka yi wa rangwame ba lallai su fi sauran lalacewa ba, wani lokaci ma sukan fi su.

Suka ta biyu daga ɗaya ɓangaren take zuwa, kuma a ganina ta fi ta farko ƙarfi. In har ana yawan amincewa da masu dayofta 9, me ya sa ba za a matsar da iyakar ba, a huta da wahalar da mutane? Amsar ita ce lamba 8 ba hukunci ba ce, ƙararrawa ce da ke cewa a tsaya a duba. Cibiyoyin na tantance dubban ɗaruruwan mutane a shekara, ba zai yiwu a kai kowa wurin ƙwararren likitan ido ba, dole a sa layi a wani wuri, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma masu sukar sun yi gaskiya a kan tsadar jira. Tun 2022, da aka haɗa cibiyoyin da rumbun bayanan lafiya na kwamfuta mai suna Genesis, likita na ganin kusan duk maganin da aka taɓa rubuta wa mai nema. Abin da a da ake mantawa, ko jami'in ɗaukar kurata ya ce kar ka ambata, yanzu yana fitowa a allo, kuma kowanne na bukatar takarda. Makonni su zama watanni, wasu su gaji su kama wani aikin. Nauyin kuma ba daidai yake faɗa wa kowa ba. Ɗan masu hali da likitan gidansu zai tattara takardunsa cikin kwana uku. Baƙon da ke da katin zama na dindindin, wanda doka ta ba shi damar shiga soja, in an taɓa yi masa aikin ido a Zariya ko Kumasi ko Yamai shekara goma da suka wuce, sai ya nemi wanda zai tono masa fayil a ɗakin ajiyar asibiti. Wannan aibi ne na gaske. Maganinsa a gaggauta aikin, a kuma riƙa mai da rangwamen da ya zama ruwan dare ya koma ƙa'ida, kamar yadda ma'aikatar ta fara gwadawa a 2022 da jerin cututtuka 38 da ta ce in an daɗe da warkewa ba sai an nemi rangwame ba.

Aikin leza shi ne misali mafi kyau na yadda ƙa'ida ke bin hujja a hankali. Da farko soja sun ɗauki duk wani gyaran gaban ido a matsayin rauni. Sojan ruwa suka fara gwada shi a kan zaratansu a farkon shekarun 1990, sojan ƙasa suka buɗe nasu shirin a 2000 suna yi wa mayaƙa kyauta, a 2007 sojan sama suka yarda da nau'in aikin da ake kira LASIK ga matuƙa jiragensu. Yau wanda aka yi wa aikin leza na LASIK ko PRK yana shiga ba tare da rangwame ba, muddin kwana 180 sun wuce, ganinsa ya tsaya wuri ɗaya, ba wata matsala da ta biyo baya. Amma akwai tarko a nan da ke kama masu gaggawa: ana duba awon idon kafin aikin. In ya haura dayofta 8 tun asali, leza ba ta goge shi daga lissafi, domin gaban ido ta sassaƙa, tsawon idon da siririyar ratinarsa suna nan. Tsohuwar hanyar tsaga gaban ido da wuƙa kuwa har yanzu tana cikin abubuwan da ke kayar da mutum.

Akwai masu cewa duk wannan tsohon yayi ne, tunda yaƙin yau na jirage marasa matuƙa ne da kwamfuta, don haka a auna kowa da aikin da zai yi kawai. Wani ɓangare na wannan an riga an yi shi. Kundin bai sa sharaɗin bambance launi a kan kowa ba, ya bar wa kowace runduna. Gwajin ɗige-ɗigen launi da aka fi sani ma likitan sojan Japan ne, Shinobu Ishihara, ya fito da shi a 1917. Kusan namiji ɗaya cikin 12 na Turawan arewa ba ya raba ja da kore sosai, kuma irinsa na iya zama akawu ko mai kula da kaya, amma ba za a ba shi aikin da kuskuren launi ke kisa ba, kamar tuƙin jirgi da dare, inda jar fitila ke nuna hagun jirgin da ke tafe koriya ta nuna damansa. Matuƙa jirgin sama da zaratan sojoji ma nasu ma'aunin ya fi na kowa tsauri. Inda hujjar ta gaza shi ne zaton cewa akwai sojan da ba zai taɓa barin kujera ba. A Iraƙi direbobin manyan motoci da makanikai sun sha kwanton ɓauna kamar kowa. Dole a samu ƙasan da ba a sauka ƙarƙashinsa, ko da kuwa saman ya bambanta.

A watan Yulin 2025 sakataren tsaro Pete Hegseth ya fitar da umarnin da ya ware wasu cututtuka ya ce babu rangwame a kansu sam, wasu kuma ya ce sai sakataren runduna da kansa ya sa hannu. Rashin ido ɗaya da dashen gaban ido suna cikin kashi na biyu. Ana iya karanta wannan a matsayin tsaurarawa, kuma haka ne. Amma ko wannan umarni bai rufe ƙofar ba ga mai ido ɗaya, ya dai ɗaga mabuɗin zuwa sama. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne ko hawan nan zai ƙara wa hukuncin nauyi, ko kuwa zai mai da shi abin da sai mai ɗan majalisa a aljihu ke iya kaiwa gare shi, wato a koma gidan jiya na Lord Roberts. Hanyar Truman kuwa ta riga ta toshe. Injin da ke auna ƙarfin ido ba ya tambayar kowa haruffa balle a haddace masa, kuma wanda ya ɓoye ciwo ya shiga, dokar soja ta tanadi tuhumar shiga da yaudara a sashe na 104a, wadda kan iya kai shi kotun soja ko a sallame shi ba tare da haƙƙoƙin da ya shigo nema ba.